Marubutanmu kullum suna fili, yaushe suke atisaye?

Duk ɗan wasan kurket (cricket, wasan da ake jefo ƙwallo ana bugun ta da sanda) da ya fito riƙe da sandarsa zai buga, sifili ne a gaban sunansa a allon maki. Ko jiya ya ci ɗari biyu, yau ba a ɗora masa ko ɗaya. Brian Lara, ɗan wasan West Indies, ya ci maki 400 a kan Ingila a Antigua cikin Afrilun 2004 ba tare da an fitar da shi ba, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a wasan kwana biyar na ƙasa da ƙasa. Da wasa na gaba ya zo, daga sifili ya tashi. Ga shi kuskure ɗaya ya isa a wannan wasa: ƙwallo ta taɓa turakun nan uku da ke bayanka, ko ka ɗaga ta sama wani ya cafe, shi ke nan, sai ka koma gefe ka zama ɗan kallo.

Na san yawancinmu ba ma kallon kurket, duk da cewa 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya da aka yi a Malesiya cikin Janairun 2025. Amma ina roƙon 'yan'uwana marubuta su ba ni aron hankalinsu, domin halin da mai bugun nan yake ciki shi ne namu. Littafinka na bara ya karɓu, an yaba, an yi ta turawa. Yau ka buɗe sabon shafi, yabon nan ba zai rubuta maka ko jimla ɗaya ba. Shi ɗan kurket ya yarda da haka, shi ya sa yake kashe mafi yawan lokacinsa a cikin ragar atisaye, inda ba alƙalin wasa, ba mai tafi, ba mai ƙirga maki. Mu kuwa mun rushe ragar gaba ɗaya.

Ku dubi Don Bradman na Ostireliya. Yana yaro a garin Bowral, babu abokin wasa, sai ya ɗauki turke ɗaya na kurket a madadin sanda, ya samo ƙaramar ƙwallon golf. Akwai tankin ruwa a bayan gidansu da aka ɗora a kan ginin bulo mai lanƙwasa. Sai ya jefa ƙwallon a jikin ginin, ta dawo da gudu ta inda bai zata ba, shi kuma ya yi ƙoƙarin tare ta da siririn turken nan. Haka yake wuni. Ya sa wa kansa abin da ya fi wasan gaske wuya. Wannan yaron ne ya gama da matsakaicin maki 99.94 a wasanni 52 na ƙasa da ƙasa, abin da babu wanda ya ko kusanta. A bugunsa na ƙarshe a filin Oval na Landan a 1948, maki huɗu kacal yake nema matsakaicin ya cika ɗari, mai jifan Ingila Eric Hollies ya fitar da shi a ƙwallo ta biyu bai ci komai ba. Sunansa bai tare masa ƙwallon ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Sachin Tendulkar na Indiya. Kocinsa Ramakant Achrekar, a filin Shivaji Park na Mumbai, yakan ɗora kwabon rupee ɗaya, kuɗin Indiya, a kan turke bayan yaron ya riga ya gaji. Wanda ya fitar da shi, kwabon nasa ne. Idan ya tsira har aka tashi, shi zai ɗauka. Shekaru bayan haka, yana kan ganiyarsa, ya je Ostireliya aka yi ta fitar da shi ta hanya ɗaya: bugun nan nasa mai kyau da yake zura ƙafa gaba ya kora ƙwallo ta ɓangaren da ƙirjinsa ke fuskanta. Masu jifa sun gane yana sonsa, suka riƙa ɗana masa tarko da shi. A Sidni, cikin Janairun 2004, sai ya haramta wa kansa bugun baki ɗaya. Suka yi ta jefo masa ƙwallo ta wannan gefen, yana ɗauke sanda yana barin ta ta wuce. Ya shafe sama da awa goma a fili, ya ci 241 ba a fitar da shi ba.

Wane marubuci ne a cikinmu zai iya wannan? Kowa yana da bugun da yake taƙama da shi. Wani ba ya iya buɗe labari sai da kwatanta kyawun yarinya tun daga gashi har yatsun ƙafa. Wata kuwa kowane babi sai an yi kuka an suma an yayyafa ruwa. Ranar farko abin ya burge, yanzu mai karatu yana hango shi tun daga nesa. Sanin inda kake faɗuwa yana bukatar ka zauna da rubutunka kai kaɗai, ka karanta da ƙarfi, ka ji inda harshenka ke tuntuɓe, ka goge shafi uku da ka sha wuya a kansu.

To ina lokacin yin haka? Ana rubuta shafi da daddare a waya, a tura WhatsApp ko Wattpad kafin a kwanta, da safe masu karatu sun cika akwatin saƙo suna neman ci gaba. Ban raina wannan ba, wallahi. Akwai matan da da kuɗin nan suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma su ne suka riƙe karatun Hausa a hannun matasa lokacin da kasuwar littafin takarda ta ja baya. Abin da ke damuna shi ne daftarin farko ya zama shi ne na ƙarshe. Sai ka ga marubuciya mai baiwa ta gaske, littafinta na takwas bai fi na biyu da komai ba, don ba ta taɓa samun wurin da za ta yi kuskure babu idon jama'a ba.

Shawarata ga masu tafiyar da zaurukan marubuta: ku ware zaure ɗaya ƙarami wanda ba a tallata komai a cikinsa, ba a kuma fitar da abin da aka rubuta. A ba da aiki mai ƙunci, misali a rubuta rigimar kishiyoyi ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, ko a nuna talaucin gida ba a ambaci kuɗi ba. Kowa ya kawo nasa, a faɗa masa gaskiya, ya je ya sake daga farko. Masu littafi goma su ma su shiga a yi da su, su karɓi aiki iri ɗaya da wadda ta fara jiya.