Ƙarfen sabis a cikin unguwa: aikin ƙaramar hukuma kafin a zuba kankare yake

Yawancin rigimar da ake yi kan ƙarfen sabis a garuruwanmu ba ta tashi sai aiki ya ƙare. Ƙarfe ya riga ya tsaya, janareta ya fara ruri, sannan maƙwabta su kai kuka wajen mai unguwa, shi ya tura su wajen kansila, kansila ya haɗa su da sakatariya. A can kuwa idan aka nemi fayil ɗin wurin, sau da yawa abin da za a samu a ciki rasit ne kawai. Babu taswirar fili, babu sakamakon gwajin ƙasa, babu takardar da ta nuna wani ya je da tef ya auna tazarar da ke tsakanin ƙafar ƙarfen da ɗakin maƙwabci. A ganina ƙananan hukumomi sun ɗauki ƙarfen sabis a matsayin hanyar kuɗin shiga, alhali babban amfanin da za su yi wa jama'a shi ne duba wurin tun yana fili, lokacin da matsar da shi mita goma ba ya cin komai sai gyaran zane a takarda.

Wasu ma'aikatan za su ce ai sadarwa harkar tarayya ce, babu ruwansu. Rabin maganar gaskiya ne. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya wayar tarho da sadarwar iska cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka lasisi da zangon sadarwa da ingancin sabis duk na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ne, wato NCC. Amma ƙarfe a ƙasa ake kafa shi. Sashe na 135 na dokar sadarwa ta 2003 ya ɗora wa kamfani alhakin neman izinin jiha ko ƙaramar hukuma kafin ya girka kayansa a kan fili. A shekarar nan ta 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Shi ya sa a cikin birnin Kano hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ke ba da izinin gini, a Kaduna kuma takwararta KASUPDA. A wajen yankunan da gwamna ya ayyana a matsayin birni, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta bar filaye a hannun ƙaramar hukuma. Ko a inda sa hannun ƙarshe na jiha ne, ƙaramar hukuma ce ke da duba-gari da sashen ayyuka da dagatai, ita ce ta san inda ruwa ke kwanciya da damina.

Kafin a yi gardama da kamfani ya kamata a san yadda yake zaɓen wuri. Injiniyoyinsa ne ke duba taswirar sabis, su ga inda kira ke yankewa ko inda jama'a suka yi wa tasha ɗaya yawa, sai su zana da'ira su ce a samo fili a cikinta. A ƙauye da'irar na iya yin faɗi, domin zangon megahaz 900 yana tafiya kilomitoci. A tsakiyar gari, inda ake dogara da 1800 da 2600, balle 3500 na 5G, tana iya zama 'yan ɗaruruwan mita kacal. Galibi ana ɗora eriya ta fuskanci ɓangarori uku, kowace ta ɗauki kashi ɗaya bisa uku na kewaye, kuma idan babu wayar fiba a wurin, farantin nan mai kama da ganga, wanda ke haɗa tasha da tasha, dole ya hangi ɗan'uwansa a wani ƙarfen ba tare da bene ko tudu ya shiga tsakani ba. Saboda haka cewa a kai shi bayan gari ba amsa ba ce. Ƙarfen da ke bayan gari mutanen bayan gari zai yi wa aiki. Abin da kwamitin ƙaramar hukuma mai duba wurin zai nema shi ne a kawo masa da'irar da filaye biyu ko uku da aka duba a cikinta, da dalilin da ya sa aka fifita ɗaya. Sau tari dalilin bai wuce cewa mai wannan filin ya fi saurin yarda ba.

Sai batun tazara, wanda nan ne aka fi cutar talaka. Ƙa'idojin NCC na 2009 sun ce kada ƙarfe ya wuce mita 25 a unguwar zaman mutane sai da izini na musamman, kuma a bar aƙalla mita 5 tsakaninsa da gini mafi kusa, ban da katanga. Dokokin hukumar kare muhalli ta NESREA na 2011 suka ce mita 10. Saɓanin ya kai ga a 2012 NESREA ta garƙame wata tashar MTN a Abuja, NCC ta je ta buɗe. A ɗauki pulotin da aka saba yankawa, mai faɗin ƙafa 50, wato kusan mita 15. Idan gindin ƙarfen ya ci mita 5 aka dasa shi a tsakiya, saura mita biyar-biyar dama da hagu. To a unguwanninmu bangon ɗakin kwana shi ne iyakar gida, ba a barin fili a bayansa. Ke nan irin wannan puloti da ƙyar ya cika sharaɗin mita 5, na mita 10 kuwa ko kusa. Ga kuma wayon da ake yi wajen awo: a fara daga tsakiyar ƙarfe maimakon ƙafarsa ta waje, ko a auna zuwa ƙofar gida maimakon bango mafi kusa. Jami'i ɗaya da tef na mita 30 ya isa ya toshe wannan, muddin zai rubuta daga ina zuwa ina ya auna. Kuma a tambayi fili maras gini da ke gefe: idan puloti ne na wani, gobe zai yi gini, kuma shi za a ce ya matso wa ƙarfe.

Abin da ke kayar da ƙarfe ba a ganinsa daga titi. Guguwar farkon damina, wadda ke yaye kwanon gidaje duk shekara a Arewa, ita ce jarrabawar kowane turke, kuma tushe ne ke cin ta ko ya faɗi. Dole a haƙa a gwada ƙasa kafin a zana tushe. Wuri mafi haɗari shi ne tsohon kududdufi da aka cike da shara aka mayar puloti, irin wanda ya yi yawa a tsofaffin birane: samansa ya yi tauri, ƙasansa yana ci gaba da zama. Ƙafa ɗaya ta nutse da 'yan santimita, ƙarfe mai tsawon mita 40 ya karkata, nauyi ya koma kan sauran ƙafafun. Haka ƙasar laka da ke kumbura da damina ta tsage da rani. Mai gwajin ƙasa daga Legas ba lallai ya san tarihin filin ba, amma dagaci ya san shekarar da aka daina kama tarwaɗa a wurin. Wannan sani ne da babu hukumar tarayyar da ke da shi. A nemi rahoton gwajin da zanen tushe mai hatimin injiniyan da ke da rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, COREN, a kuma je a ga rodin da aka ɗaura kafin a rufe shi da kankare, domin bayan nan ba mai sake ganinsa.

Akwai wata matsala da ke zuwa daga baya. Yawancin turakun yanzu ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS da ATC, waɗanda ke ɗora wa ƙarfe ɗaya kayan kamfani biyu ko uku. Wannan abu ne mai kyau, har ma tambayar farko da ya kamata a yi wa mai neman sabon wuri ita ce me ya hana shi hawa ƙarfen da ke kusa. Ƙa'idojin NCC sun hana kafa turaku biyu masu wuce mita 55 a tazarar da ba ta kai kilomita ɗaya ba. Amma kowace eriya da aka ƙara tana ƙara faɗin abin da iska za ta buga. Izinin da aka bayar ya kamata ya ce ba za a ƙara kaya ba sai an sake lissafin ƙarfin turken.

Abin da ya fi damun maƙwabta a zahiri janareta ne. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, tasha na iya kwana ta wuni a kan man gas, sau da yawa da inji biyu suna karɓa-karɓa. A duba inda za a ajiye shi, domin ƙa'ida ta ce shi ma ya nisanci gini da mita 5. A duba inda bututun hayaƙi ya fuskanta, kada ya kalli tagar kowa. A tabbatar yana cikin akwatin rage ƙara kuma yana zaune kan robobin da ke shanye girgiza, don girgizar ce ke bi ta ƙasa ta tsaga bangon laka. A auna ƙarar da dare a bakin tagar da ta fi kusa, ba da rana ba lokacin da hayaniyar titi ta rufe ta. Tankin mai kuma ya zauna cikin kwarmin kankare da zai iya riƙe duk abin da ke cikinsa da ɗan ƙari idan ya fashe. Inda babu wannan, man da ke ɗiga wajen juye da baƙin man da ake zubarwa bayan sabis ɗin inji suna bin ƙasa har su kai rijiyar maƙwabta, kuma rijiyar da gas ya shiga ba ta saurin dawowa. Tashar da za ta yi aiki da sola da batura ta cancanci a fifita ta a unguwar da gidaje suka matse. Kada a manta da maganin tsawa: sandar da ke can ƙoli ba ta da amfani idan wayar tagullar da ta sauko da ita zuwa ƙasa ɓarayi sun yanke.

Maganar da ta fi cin lokaci a zaman jama'a ita ce ta cuta, wai ƙarfen yana jawo daji ko ɓarin ciki. Ba a raina tsoron mutane, amma kwamitin ƙaramar hukuma ba shi da abin auna wannan, kuma ba huruminsa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2006 cewa babu gamsasshiyar hujja da ke nuna siginar tashoshin waya na cutar da lafiya. Eriya tana harba siginarta ne gaba, a ɗan sunkuye, don haka gidan da ke gindin ƙarfe ba shi ne ya fi samu ba. Wayar hannu ma, idan sabis ya yi rauni, ƙara ƙarfinta take yi, kuma ita ce ke manne da kunne. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, a rubuta wa NCC ta zo da na'ura ta auna a gaban jama'a. Abin takaici shi ne a ɓata zama guda kan wannan, a tashi ba wanda ya tambayi ina tankin mai zai zauna.

Takardar fili ma tana buƙatar ido. Hayar shekara goma ko fiye ake yi, ana biyan kuɗin shekaru a dunƙule, kuma filayen da yawa na gado ne da ba a raba ba. Babban wa ya sa hannu shi kaɗai, ya karɓe kuɗi, bayan shekara biyu ƙannensa mata su kai ƙara kotu, a rufe tasha, unguwa ta rasa sabis. Dagacin da ya san magada zai iya hana wannan da tambaya ɗaya. Idan wurin yana kusa da filin jirgi, a nemi takardar izinin tsawo daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, a kuma tabbatar da fentin ja da fari da jar fitilar dare.

Kamfanoni su ma suna da kukan da ya kamata a saurara. Sun daɗe suna ƙorafin haraji barkatai, inda jami'ai daban-daban ke zuwa da rasit iri-iri, wanda bai biya ba a sa wa tasharsa kwaɗo. Garƙame tasha ba kamfani kaɗai yake hukuntawa ba: mai ya ƙare a janareta, mai POS ya rufe shago, mai haƙuri ya kasa kiran asibiti. Mutanen Zamfara da suka zauna babu sabis daga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layuka saboda 'yan bindiga, ba sa buƙatar a yi musu bayani. Tun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa. Ƙaramar hukumar da ke son a ɗauke ta da muhimmanci sai ta liƙa kuɗinta a allo, guda ɗaya, da asusun da ake biya, ta daina aika yara da kwaɗo.

Tsarin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Injiniyan sashen ayyuka, duba-gari, jami'in filaye da wakilin hakimi sun isa kwamiti. A sanar da gidajen da ke kewaye a rubuce, a kuma faɗa a masallaci, a ba su mako biyu su kawo ƙorafi. A je wurin tare da wakilin kamfani. A yanke hukunci cikin wata ɗaya, don jan ƙafa shi ke sa kamfani ya bi ta bayan fage. Idan an ƙi, a rubuta dalili a kuma nuna wani fili a cikin da'irar. Idan an yarda, a rubuta sharuɗɗan: allo a ƙofa mai sunan kamfani da lambar da za a kira, rahoton duba tsatsa da ƙusoshi lokaci-lokaci, inshorar da za ta biya maƙwabta idan wani abu ya faɗo, da alƙawarin cewa ranar da aka daina amfani da ƙarfen kamfani ne zai kwance shi da kuɗinsa cikin wa'adin da aka yanka, ba mai fili ba.