Kwamfuta ba ta ganin abin da ba a nuna mata ba

Duk watan Yuni idan lokacin taron CVPR ya zo, sai in raba dare ina bin jerin maƙalun da aka karɓa, kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawar da bai zauna ba. Ga wanda bai sani ba, wannan shi ne babban taron shekara-shekara na masanan da ke koya wa kwamfuta gani, wato ta dubi hoto ko bidiyo ta faɗi abin da ke ciki. A 2024 a Seattle ta Amurka aka yi shi. Maƙala 11,532 aka aika, 2,719 kawai suka tsallake siraɗi. Ka bi sunayen jami'o'in da kamfanonin: Sin, Amurka, Jamus, Koriya ta Kudu, Ingila. Namu kuwa sai ka tona kamar mai neman allura a rairayi.

Na san abin da za a ce, biza da kuɗi. Ba ƙarya ba ne. A 2018 da 2019 Kanada ta hana masu bincike da dama daga Afirka biza zuwa NeurIPS, wani babban taron masana ƙirƙirarriyar basira, har abin ya zama abin magana a duniya, kuma irin wannan na daga cikin abin da ya sa aka kai takwaransa, taron ICLR, Kigali ta Ruwanda a 2023. A 2024 ma MICCAI, taron masu nazarin hotunan asibiti, ya sauka a Marrakesh ta Maroko, karo na farko a nahiyar. Ga kuɗin jirgi da masauki da rajista, duk da dala. Amma ni yau ba kukan biza na zo yi ba, an yi shi ya ishe mu.

Abin da ya tayar min da maganar ƙarami ne. Kwanaki ina gwada wata manhajar gane hoto da ɗalibaina, ba zan kama suna ba. Muka ɗauki hoton kilishi a shimfiɗe bisa tabarma yana shan rana, ta ce darduma ce. Muka nuna mata faifai, ta ce hular rana. Ƙwaryar fura kuwa da ludayi a ciki, sai ta tsaya tsakanin kwano da kwalkwalin soja. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma da na koma ofis dariyar ta tafi. Manhajar ba wawiya ba ce. Ka nuna mata kare, za ta gaya maka irinsa cikin iri sama da ɗari. Faifai ne ba wanda ya taɓa nuna mata.

A nan tarihin CVPR ɗin kansa yake da darasi. A 2009, a taron da aka yi a Miami, Fei-Fei Li da abokan aikinta sun gabatar da ImageNet. Ba su zo da wani sabon lissafi mai ɗaure kai ba. Hotuna suka tara, miliyan uku da ɗoriya a lokacin, kowanne an rubuta masa sunan abin da ke ciki, aikin da dubban mutane suka yi ta intanet a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ko mumbarin jawabi ba a ba su ba, fosta suka liƙa suka tsaya a gefenta. Masana da yawa suna ganin tara hoto aikin leburanci ne, ba bincike ba. Bayan shekara uku, a 2012, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka horar da na'urarsu a kan waɗannan hotuna da katin sarrafa hoto na kwamfuta (GPU), irin na masu wasan bidiyo, guda biyu kacal, a gasar gane hoto ta shekarar kuskurenta ya sauko kusan kashi 15 cikin ɗari, mai bi mata na kashi 26. Daga nan guguwar ƙirƙirarriyar basirar da muke ciki yau ta taso. Wato aikin leburancin nan shi ne tubalin ginin.

To su wa suka cika wannan rumbu? Wani bincike na ma'aikatan Google a 2017 ya nuna kusan kashi 45 na hotunan ImageNet daga Amurka kaɗai suke. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma kowa abin gidansu yake ɗauka hoto. Haka a 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin kasuwa uku masu duba fuska: a kan fararen maza kuskuren bai kai kashi ɗaya ba, a kan mata baƙar fata ya kai kusan kashi 35 a mafi muninsu.

Sai dai a nan ina da ja da wasu abokaina. Su burinsu na'ura ta iya gane fuskarmu tsaf. Ni wannan ba ya cikin abin da nake gaggawa a kai, don kyamarar da ta iya gane fuskarka ba lallai don alherinka aka kafa ta ba. Ko Joseph Redmon, wanda ya gabatar da YOLO, manhajar gano abubuwa a hoto cikin sauri, a CVPR na 2016, ya sanar a 2020 cewa ya bar fannin saboda yadda ake kai shi aikin soja da leƙen asirin jama'a. Abin da nake so ta gane shi ne tabon tsutsar sharon a ganyen tumatir tun kafin ta cinye gona kamar yadda ta yi a Kano da Kaduna a 2016, da ƙuduji a gonar dawa, da alamar tarin fuka a hoton ƙirji a asibitin da babu likitan karanta hoto, da rubutun ajami da ke cikin kundayen kakanninmu da gara ke ci. Babu wani a Seattle da zai tashi da asuba ya je Kadawa ɗaukar ganyen tumatir saboda mu.

Kuma ba a ce ba a fara ba. A 2022 Idris Abdulmumin da abokan aikinsa sun fitar da Hausa Visual Genome, hotuna sama da 30,000 da bayaninsu da Hausa. Allah ya saka musu. Amma hotunan na can waje ne, bayanin aka mayar Hausa: harshen namu, idon na wasu. Mataki na gaba shi ne hoton ma ya zama na nan.

Mu kuwa me muke yi? Kowane zango sai an kira “taron ƙasa da ƙasa” a wani zaure, a yi jawabin babban baƙo na awa biyu, a ci shinkafa, a ɗauki hoton rukuni, a raba takardar shaida don neman ƙarin girma. Na halarta, na gabatar, takardun suna nan cikin durowata, don haka ba daga nesa nake jifa ba. Ɗalibi ya sauko da hotunan kyanwa da kare daga intanet, ya ce ya samu daidaito kashi casa'in da wani abu, mu tafa masa. Wanda ya ce zai yi wata shida yana tara hoton ganyen gero yana zama da malamin gona suna tantance cutar, sai a ce ina binciken yake? Tambayar da aka yi wa mai fostar 2009 ke nan.

Wannan zangon dai na sauya wa 'yan ajin ƙarshe aikinsu. Kowa zai kawo hoto ɗari biyar na kayan amfanin gida da na kasuwa, da wayarsa, da izinin mai kaya, babu fuskar kowa, kuma da sunan da mai sayarwa yake kiran abin, ba wanda ke cikin ƙamus ba. A makon farko biyu daga cikinsu suka kusa faɗa a kan wani hoto, ɗaya ya rubuta masaki, ɗaya ya dage ƙwarya ce. Na ce su koma wurin mai sassaƙar su tambayo shi. Sun dawo da amsa, da kuma sunaye huɗu na ƙore da ni kaina ban taɓa ji ba.