Jarrabawar kwamfuta ga yaron da bai taɓa ganin lantarki a aji ba

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a 2025 cewa hukumomin WAEC da NECO za su koma shirya jarrabawar kammala sakandare ta kwamfuta, ake ta yaba matakin da cewa ci gaba ne kuma maganin satar amsa. Ni abin ya ɓata mini rai, domin masu yabon ba su tsaya sun tambayi kansu wane yaro ne zai zauna gaban wannan kwamfutar ba.

Hujjarsu ita ce JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015 kuma ba a mutu ba. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Jarrabawar JAMB zaɓen amsa ce da ake gamawa a zama ɗaya, ita kuwa WAEC makonni ake yi ana rubuta insha'i da lissafi da zane. Ko ita JAMB ɗin, bayan shekara goma tana wannan aiki, a 2025 tangarɗar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da kudu maso gabas, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye yana neman afuwa. Idan haka ta faru a Legas, me ake tsammani a ƙauyen Zamfara ko Yobe?

Ku duba yaron makarantar gwamnati a karkara, wanda yake zaune a ƙasa, wanda malaminsa ke zana masa hoton kwamfuta a allo da alli ya ce ya haddace sassanta. Ranar jarrabawa za a zaunar da shi kusa da ɗan birni da ya tashi da waya a hannu, a ce su buga insha'i cikin lokaci ɗaya. Abin da za a auna a nan saurin yatsu ne da arzikin iyaye. Yarinya kuma ta fi shiga uku, domin cibiyoyin kwamfuta a birane suke, kuma iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta riƙa bin hanyar da ake garkuwa da mutane har tsawon makonni ba. 'Ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukumar ilimi ta musamman tun 1989, da makafi da kurame, ko ambatonsu ba a cika yi ba a wannan muhawara.

Ana cewa idan ba a tilasta ba jihohi ba za su motsa ba, amma gwamna ba ya faɗuwa jarrabawa, ɗan talaka ne zai faɗi.

A fara kai wutar sola da kwamfutoci makarantun karkara, a horar da malamai, a koya wa yara bugu tun daga ƙaramar sakandare. Kafin hakan ta tabbata, a bar wa duk makarantar da ba ta shirya ba takarda da biro.