Tiyatar ƙashin baya da halin da muke ciki a Damagaram

Wani labari da na gani kan tiyatar ƙashin baya ya nuna kamar tiyata ce mafita ga duk mai ciwon baya, alhali binciken da aka yi a Holan, aka wallafa a 2007, ya gano cewa masu zamewar faifan ƙashin baya da ke danne jijiyar ƙafa sun fi saurin samun sauƙi idan aka yi musu aiki da wuri, amma bayan shekara guda sakamakonsu bai bambanta da na waɗanda aka fara yi wa magani ba. A nan Damagaram kuwa, a ganina, karayar baya a hatsarin kabu-kabu da tarin fuka mai cin ƙashin baya su suka fi bukatar binciken likitocinmu, domin jinkirin aiki a kansu kan jawo shanyewar ƙafafu.