Ku taɓa wuyan yaron kafin ku ce maleriya ce

Abin da ake yi wa matasanmu a wasu ƙananan asibitocin zangon Kumasi ya ishe mu. Saurayi zai zo da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ya ce makon jiya ya yi ciwon makogwaro, yau gefe ɗaya na wuyansa ya kumbura har waiwaye ya gagara. Ba mai ɗora hannu a wuyan. Sai a miƙa masa maganin maleriya a sallame shi, ko da gwajin yatsa bai nuna komai ba. Haba jama'a!

Waɗannan alamu na iya zama na cutar da ake kira da sunan André Lemierre, likitan Faransa da ya bayyana ta a 1936. Cikin mutum 20 da ya ba da labarinsu, 18 sun rasu. Ƙwayar Fusobacterium necrophorum ce ke tashi daga makogwaro, ta kutsa babbar jijiyar wuya mai sauko da jini daga kai. Jinin ya daskare a ciki, ya ruɓe, guntayensa su ɓalle su sauka a huhu su tara mugunya. Sai tari, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, wani lokaci gaɓa ta kumbura. Cutar ba ta da yawa, gaskiya ne, amma majiya ƙarfi take kayarwa, samari da 'yan mata.

Masu kemis ma da nasu laifin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta azithromycin na kwana 3 da suke sayarwa kamar alewa sau da yawa ba ya kashe wannan ƙwaya, ɓata lokaci ne kawai.

Aikin a bayyane yake. A ɗebi jini kafin a fara magani, a zuba a kwalbar gwaji da ba iska, domin ƙwayar ba ta tsira cikin iska kuma takan yi kwanaki kafin ta nuna. Kada a zauna jiran sakamako. A yi sikanin wuya, amma sikanin sauti (ultrasound) kan kuskure gudan jinin da ya ɓuya ƙarƙashin muƙamuƙi ko bayan ƙashin wuya, hoton CT da ruwan rinin da ake sa wa ta jijiya ya fi. A fara magungunan kashe ƙwayoyin cuta metronidazole da ceftriaxone ta jijiya, a cire mugunya in ta taru, magani ya kai mako 3 zuwa 6.

Iyaye, in kun ga wuyan nan ya kumbura bayan ciwon makogwaro, ku wuce asibitin koyarwa na Komfo Anokye a daren, ku ce a duba jijiyar wuya.