Furfura ta fito mini a kan aiki, jami'a ta ce in koma layin yara

A Najeriya idan babbar difloma ta HND ce a hannunka, duk shekarun da ka kwashe kana aiki ba su da wata daraja a idon jami'a. Ko ka riƙe baitulmalin ma'aikata guda, ko kai ne ke tsara kasafin kuɗinta duk shekara, ranar da ka je neman digiri na biyu, wato mastas, za a dube ka kamar jiya ka fito daga sakandare. Wannan abu ya ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai yake ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Ni akanta ne. Na gama foliteknik, na yi bautar ƙasa, na kama aikin gwamnati, yau shekara kusan ashirin. Ba kwaɗayin a kira ni mai mastas ne ya tayar da ni ba. A aikin gwamnati mai HND yakan tsaya cak a mataki na 14, mai digiri kuwa hanya a buɗe take gare shi har 17. Akwai yaron da ya zo ofishinmu bai san yadda ake cike baucar biyan kuɗi ba, ni na zaunar da shi na nuna masa. Yaron kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa, har gobe "Baba" yake ce mini. Amma nan da 'yan shekaru shi zai riƙa sa hannu a takardar hutuna.

Da na je sashen karatun gaba da digiri na wata jami'a, na tafi da fayil ɗina cike: takardar ɗaukar aiki, takardun ƙarin girma, shaidar bitocin da na halarta, da wasiƙar shugaban ma'aikatarmu mai bayanin ayyukan da nake riƙe da su. Wani matashi ne a bakin taga. Ya sa yatsa a baki yana buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, yana ture su gefe. Ya ce, "Yallaɓai, waɗannan duk ba ma buƙatarsu. Ina sakamakon sakandare?" Na miƙa. Ya bi da biro har ya tsaya a kan Turanci, ya ɗago kai. "Fas ne da kai a nan, kiredit muke so. Sai dai ka sake rubutawa. Kuma ko ka gyara, da HND ba a shiga mastas kai tsaye, sai ka fara yin PGD, wato difloma ta gaba da digiri."

Turanci! Mutumin da rahoton da yake rubutawa da Turanci masu binciken kuɗi ke karantawa duk ƙarshen shekara, shi ake tura wa zauren jarrabawa ya zauna da sa'annin 'yarsa, saboda abin da ya faru da shi yana ɗan shekara goma sha takwas. Ban ga laifin matashin ba, abin da aka rubuta masa yake karantawa. Waɗanda suka rubuta ɗin nake nema.

Batun karɓo cikakken sakamakon karatu daga tsohuwar makaranta kuwa, wanda ya taɓa yi ya sani. Ka biya, a ce fayil ya ɓata, a ce mai makulli ya tafi ta'aziyya, a ce an aika, can kuma su ce bai iso ba.

To ita PGD ɗin me za ta ƙara mini? Na duba jerin darussan. Tushen lissafin kuɗi, yadda ake daidaita littafin kuɗi da takardar banki, gabatarwa kan kuɗin gwamnati. Wallahi abin da nake yi ne tun daga Litinin har Juma'a. Shekara guda a takarda, a aikace kuwa sai abin da Allah ya yi, don ba mu manta yajin aikin malaman jami'a na 2022 ba, wanda ya cinye wata takwas. Ga kuɗin makaranta, ga kuɗin mota duk ƙarshen mako, ga iyali, ga tsadar rayuwar da ba sai na faɗa ba. Duk wannan don in sayi izinin tsayawa a layin da mai digiri, ko bai taɓa yin aikin yini ɗaya ba, yake shiga kai tsaye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sanin cewa wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Faransa tun 2002 doka ta ba ma'aikaci damar neman shaidar karatu da gogewar aikinsa, tsarin da suke kira VAE. Ba kyauta ake rabawa ba. Za ka zauna ka rubuta kundi mai kauri, ka bayyana abin da ka yi a wurin aiki da yadda ya dace da abin da ake koyarwa a kwas ɗin, ka kawo hujjoji. Sannan ka bayyana gaban kwamitin malaman jami'a da ƙwararrun sana'ar su yi maka tambayoyi. Idan sun gamsu su ba ka digirin gaba ɗaya, har mastas. Idan sun ga gibi su ce ga abin da ya rage, je ka karanto shi kaɗai. Kwalin da za ka karɓa iri ɗaya ne da na wanda ya zauna a aji. A Ingila ma jami'o'i da dama na karɓar ma'aikaci a mastas bisa gogewarsa, su kuma yafe masa darussan da ya nuna ya riga ya iya.

Kada wani ya ce mini wannan baƙon abu ne a wurinmu. Ƙungiyar akantoci ta ICAN tana yafe wa mai HND a lissafin kuɗi wasu takardun jarrabawarta kamar yadda take yafe wa mai digiri. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin gwada makanike ko tela a kan abin da ya koya a gareji ko shago, ta ba shi shaida. Da an zo ƙofar jami'a ne kawai hankali ke tsayawa.

Su kuma manyan, faɗa suke yi a kanmu. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke bambanci tsakanin HND da digiri, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sauka bai sa hannu ba. A 2023 NBTE ta fito da shirin karatun shekara ɗaya ta intanet da jami'o'in waje don mai HND ya mayar da ita digiri. Mutane suka fara murna. Ba a jima ba hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito ta ce ba da yawunta ba, ba ta san da zancen ba. Hukumomi biyu a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ɗaya! Ni ban ce shirin NBTE ba shi da aibi ba, kuɗin dala kaɗai ya isa ya kori irina. Amma wanda ya ce a'a, ina tasa hanyar?

Sai aka zo ana salati a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya yi binciken sirri ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum dubu 22 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Ba na kare mai sayen kwali, ɓarawo ne, kuma irinmu yake cuta. Sai dai ka toshe ƙofa da bulo, sannan ka tsaya kana mamakin masu haura katanga? Wanda ya ƙi haurawa, ya tsaya a kan gaskiya, me aka tanadar masa?

Na san abin da za a ce: idan aka buɗe wannan hanya a Najeriya, sayar da ita za a yi, kowane mai kuɗi ya kawo wasiƙar ƙarya ya karɓi mastas. Tsoron yana da tushe. To a tsaurara mana. A kawo mai jarrabawa daga wata jami'a, a ɗauki zaman a bidiyo, a ajiye mini littafin kuɗin da aka hargitsa a ce in gano inda aka yi coge, a ba ni jarrabawar ƙarshe ta PGD ɗin in rubuta yau ba tare da na shiga aji ba. Idan na faɗi, in biya kuɗin makaranta in zauna a benci ba tare da na ce uffan ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, da aka farfaɗo da ita a 2002 domin ma'aikata irina, ita ya kamata NUC ta fara ba wannan izini, a gwada da fanni ɗaya ko biyu a gani. A gwada ni a kayar da ni, na yarda. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a ture fayil ɗina gefe ba a karanta ko layi ɗaya ba.