Dabinon tsohuwar da na ture

Sati guda ke nan da dawowata daga aikin Hajji. Masu zuwa barka da sauka tsaraba suke tambaya, ni kuwa abu ɗaya ke cina a rai.

A Madina ne, layin mata na shiga Rauda. Wata 'yar tsohuwa tana gabana, tsawonta bai kai kafaɗata ba. Na sa gwiwar hannu na kawar da ita, har na ce wa ƙawata, "Waɗannan 'yan Chana sun cika ko'ina." Muka yi dariya. A masallacin Manzon Allah (SAW) fa! Da muka fito sai ga ta a gefena, dabino uku a tafin hannunta, tana miƙo mini tana murmushi. Wallahi da ƙyar na haɗiye.

'Yarta mai jin Larabci ta ce daga Sulawesi suke, a Indonesiya. Sama da shekara 20 baiwar Allahn nan ta yi tana jiran kujera. Babu ƙasar da ake ba kujerun Hajji kamar tasu, sama da 200,000 duk shekara, amma ba sa isa. Ni da na biya bara na tafi bana, ni ce mai gaggawa.

Kuma ba 'yan Chana ba ne, jahilcina ne. Harshensu dangi ne da na Malesiya da Filifin, har da na Madagaska da ke gefen Afirka. Magabatansu a kwale-kwale suka ratsa teku, wasu har Hawai. Harsunan dangin nan sama da 1,200 na haɗa na yi musu suna ɗaya don raini. Mutanen da suka rubuta Malayanci da haruffan Larabci, kamar ajaminmu!

Hajiya, 'yar uwata, ke ma kin sani. Mu ne masu kwaikwayon maganarsu a masauki. Mu ne masu ɗaukarsu bidiyo a watsa a WhatsApp a sha dariya. Mu ne masu keta sahunsu a ɗawafi don mun fi su ƙarfin jiki. Amma a ce mana "Takari" a kasuwar Makka, mu wuni ranmu a ɓace.

Don Allah mu bari. Don girman Allah mu bari.

Ta koma tsibirinta, ban ce mata ta yafe mini ba. Ku taya ni roƙo Allah ya sa ta yafe.